Tsatsar Injin Taliyar Umma

Wudil,
Lahadi, 6 ga Yuli.

Anti Khairiyya,

Ni ce na lalata injin taliyar Umma. Ba Baba Uwani ba ce, ni ce. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, yau ne ma na fara ganin maganar a rubuce.

Ki yafe mini da na sa wannan gaba da gaisuwa. Sau biyu ina farawa da gaisuwa, in cika takarda da ita, in kasa faɗar abin, in yage. To yanzu assalamu alaikum. Ya karatu, ya Azare, ya ruwa? Mu duk lafiya lau, sai Baba da ƙafarsa ta ɗan motsa saboda sanyin damina, amma yana zuwa gona. Kawu Gwadabe direba ne zai kawo miki wannan. Ban kira ki ba don waya ɗaya ce a gidan, ta Umma, ita kuma sai an buɗe muryarta ake jin magana, har zaure.

Kin san injin, mai hannun nan da ake ɗaurewa a bakin benci, wanda kakata Hajiya mai rasuwa ta sa wa Umma cikin kayan ɗakinta. Baba Uwani kuwa maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu, ita ce ta yi miki kitso da kika zo bikin nan da aka yi a garin Utai. Litinin da Alhamis take aron injin, ta murza taliyar da take dafa wa ɗaliban jami'a. Tun ban da wayo haka suke.

Wata Alhamis ta dawo da shi tsaf, ta goge da mai ta naɗe a tsumma. Washegari Umma ta tafi ta'aziyya Dagumawa, Baba yana kasuwa, gidan ni kaɗai. Anti, littattafan nan da kika bar mini a buhu su suka ja mini. Akwai wanda amarya take kwaɓa fulawa da ƙwai, ta murza ta dafa, mijin ya kai loma ɗaya ya ajiye cokali yana kallonta kawai. Wurin nan na karanta shi ya fi sau goma. Sai na ɗebi ƙwan zabi huɗu na fasa a fulawa, na ga ya yi tauri na ƙara ruwa, ya zama kamar danƙo. Haka na tura shi a inji. Ya liƙe a haƙora, ya shige duk wani lungu. Ɗan abin da ya fito na dafa na zuba a faranti biyu. Biyu, Anti. Ɗaya nawa, ɗaya na ajiye a gabana inda ba kowa. Don Allah kada ki yi dariya. Ina zaune ina ce wa tabarma "bismillah mana", kwaɓin yana can yana bushewa a cikin inji kamar siminti.

Sau nawa Umma tana faɗa ba a sa wa injin taliya ruwa, da tsumma da mai ake goge shi. Na sani sarai. Amma ina jin kiran la'asar tsoro ya kama ni, na tsoma shi a bahon wanki na dirje da sabulu, na naɗe shi da danshinsa na tura ƙarƙashin gado.

Satin nan kuma Baba Uwani ta tafi Darki, matar ɗanta Halliru ta haihu. Sai da aka kwana goma sha biyu kafin Umma ta buɗe tsumman. Ja wur da tsatsa, hannun ko motsi ba ya yi. Ta ce, "Wa ya taɓa shi ƙarshe?" Ba ni take tambaya ba, ko kallona ba ta yi ba. Kin san ni ce 'yar fari, ko sunana ba ta faɗa, sai "ke" ko "yarinyar nan", ba mu taɓa zama mun yi hira ta minti biyar ba. Na ci gaba da aikina.

Da Baba Uwani ta dawo Umma ta ɗauki injin ta shiga wurinta. Ta kan katanga na ji su, Baba Uwani tana cewa:

"Wallahi Zainabu lafiya ƙalau na kawo miki shi."

"To aljanu ne suka wanke shi?"

"Ni dai na faɗa miki."

Tun ranar gaisuwarsu ta koma "ina kwana, lafiya" daga nesa. Anti me zan yi? Kada ki faɗa wa kowa, don girman Allah.

Taki,
Sharifa.

*

Azare,
Alhamis, 10 ga Yuli.

Amaryar tabarma,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, sai jarrabawa da ta sa mu gaba da sauron makarantar nan da ba ya tsoron gidan sauro. Ki gaishe da Yaya Zainab, ki yi wa Baba sannu da ƙafa, ki ce ya riƙa gasa ta da ruwan ɗumi.

Kin ce kada in yi dariya, ban iya ba. A tsaye na karanta a bakin aji, har ƙawata ta tambaye ni ko albishir aka aiko mini. Shi mai farantin ya ci kuwa? Ya ce ta yi gishiri?

Ki kwantar da hankalinki, tsatsa ba mutuwa ba ce. Ki sami toka mai laushi da lemon tsami ki goge abin murzawar, ki share da busasshen tsumma, ki ɗiga man gyaɗa a gefe da gefe inda yake juyawa, ki bar shi a rana. In ya fara motsi ki yi ɗan kwaɓin banza ki yi ta wucewa da shi har ya daina fitowa da ja, ki zuba wa kaji.

Kuskurenki ruwa ne. Kwaɓin taliya so yake ya yi tauri har hannu ya yi ciwo. Fulawa, gishiri kaɗan, ruwa da cokali da cokali. Ki rufe shi ya huta, ki barbaɗa fulawa kafin ya shiga inji. Masu rubuta littattafan nan rabinsu ba su taɓa riƙe hannun inji ba, ke kuma kin ɗauke su malamai.

In girki kike so ki burge da shi, ga abin da ni nake rayuwa a kansa a nan da risho ɗaya. Ruwa ya tafasa sosai kafin taliya ta shiga, ta gida kuma ba ta son daɗewa a wuta, kina juya baya ta zama kunu. Ki tsane ta, ki soya manja da albasa har albasar ta fara ja, ki zuba, ki kawo yaji mai tafarnuwa. Shi ke nan. Ranar da yunwa ta yi yawa, wake na fara dafawa da ɗan kanwa, in ya yi laushi in kakkarya taliya a kai. Ranar da nake kewar gida kuwa, jalof: attaruhu da tumatir, daddawa, busasshen kifinku na Wudil, in ta kusa tsotsewa in watsa zogale in rufe. Wannan ko ba miji a tabarmar sai ta yi magana.

Su Yaya Zainab da Uwani kuma ki bar su, sun saba. Kwana biyu za ki ji su suna dariya ta katanga.

Antinki,
Khairiyya.

*

Wudil,
Juma'a, 18 ga Yuli.

Anti Khairiyya,

Assalamu alaikum. Ina fatan jarrabawa ta zo da sauƙi. Baba ya ji daɗin gashin ƙafar, yana gaishe ki. Ni lafiyata ƙalau, abinci ne dai ba ya wucewa.

Anti ba ki gane ni ba. Ko ni ce ban iya rubutawa ba. Ba inji nake tambaya ba. Injin ma Umma ta kulle shi a adakarta, ko ganinsa ba na yi balle in sa masa toka.

Ba su yi dariya ta katanga ba. Kin san duk abin da aka dafa a gidajen nan biyu sai an miƙa kwano. Shekaranjiya Baba Uwani ta miƙo langa ta kan katanga, taliya da manja, ta ce, "Sharifa, karɓi ki kai wa uwarki." Na kai. Umma ko murfin ba ta ɗaga ba, ta ce, "Ke, mayar mata, ki ce mun ƙoshi." Ni aka aika. Ni na tsaya a ƙofar Baba Uwani da langa da zafinta a hannuna na ce mun ƙoshi. Ta dube ni, ta karɓa, ta ce, "To madalla." Matar da ta goya ni lokacin da aka yaye ni, wadda in ciwon mara ya kama ni wurinta nake zuwa don ba na iya faɗa wa Umma.

Baba ya ce wa Umma a bar maganar nan haka, ƙarfe ne fa. Ta ce, "Malam, ba ƙarfen ne ya dame ni ba. Da ta ce Zainabu na yi kuskure, wallahi da ya wuce a wurin. Ido cikin ido ta rantse mini. Ni mai ƙarya ce ba na iya zama da ita." Ina gefe ina tankaɗe.

Yanzu da hannu Baba Uwani take murza taliyarta, 'yar murji, ɗaya bayan ɗaya a kan faifai. Tun safe har azahar ba ta cika kwano biyu, ga damina ba ta bushewa da wuri. Ɗaliban da suke layi a zaurenta sun ragu, na ƙirga takalma jiya, ƙafa uku.

Na gwada wake da taliyarki da ta leda ta kanti. Baba ya cinye ya ce a ƙaro, ya ce yarinyar nan ta fara hannu. A littafi in aka yaba wa yarinya girki sai ta sunkuyar da kai tana murmushi. Ni bayan gida na zagaya na yi kuka.

Na gwada faɗa mata, wallahi na gwada. Na tsaya a bayanta tana tsince shinkafa, na ce "Umma". Ta ce "Mene ne?" ba ta juyo ba. Na ce gishiri ya kusa ƙarewa.

Don Allah Anti ki kira ta ke ki faɗa mata. Tana jin maganarki. Ki zaɓi lokacin da nake islamiyya, tsakanin la'asar da magariba, in na dawo na tarar an gama.

Taki,
Sharifa.

*

Wudil,
Juma'a, 1 ga Agusta.

Anti,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta ɓoye ki. Mu lafiya.

Sati biyu yau. Kawu Gwadabe ya ce ya ba mai gadin makarantarku takardata hannu da hannu. Duk ranar da ya wuce sai na fita bakin titi, ya ɗaga mini hannu ya ce babu. Har ya fara tsokanata wai ko saurayi na yi a Azare.

Kullum in na dawo daga islamiyya sai na tsaya a zaure ina sauraren yadda Umma take motsa kwanuka, ko zan gane an kira ta. In wayarta ta yi ƙara sai in kasa kunne. Ban sani ba ko kin kira ta tana jira ne in faɗa da bakina. Ko kuwa kin karanta ta biyun kin ga irin yarinyar da nake, kin fasa kula ni. In haka ne ban ga laifinki ba.

Ga abin da ya sa na sake rubutowa. Halliru ya zo. Ya ga uwarsa tana murji da yatsu sun kumbura, ya ji labarin langar da aka mayar. Ya yi ta faɗa a zaurensu har muna ji, wai ba za a mayar masa da uwa maƙaryaciya a unguwar da ta yi shekara talatin ba. Ya ce Asabar ta sama, tara ga wata, zai zo da mota ya kwashe ta ta koma Darki gaba ɗaya. Ba ta ce a'a ba.

Umma ta ji. Ranar tuwo ya ƙone a hannunta, abin da ban taɓa gani ba.

Saura kwana takwas, Anti.

Sharifa.

*

Azare,
Litinin, 4 ga Agusta.

Sharifa 'yata,

Wa alaikumus salam. Lafiyata lau. An tura mu aikin koyo wani asibitin ƙauye sati biyu, jiya na dawo na tarar da takardunki biyu a wurin mai gadi. Ban kira kowa ba, ban kuma fasa kula ki ba. Ki cire wannan a ranki.

Ni ce da laifi a ta farko. Na ga faranti biyu na yi ta dariya, ban karanta ƙasan takardar da hankali ba. Kin kawo mini maganar mutum na ba ki maganin tsatsa. Ki yafe ni.

Amma ba zan kira Yaya Zainab ba. Na ɗauki waya na ajiye ya fi sau uku. Ki duba, abin da ya ƙona mata rai shi ne a ɓoye mata gaskiya. In daga Azare ta ji, ta bakin wata, a wayar da duk gida ke ji, to kin ɓoye mata sau biyu ke nan. Za ta shirya da Uwani, ke kuma fa?

Na san bakinki ba ya buɗuwa a gabanta. Ni ma 'yar fari ce a ɗakinmu, na san wannan tsayuwar a bayan uwa. Shi ya sa na sa wata 'yar takarda a cikin wannan, da sunanta a baya. Ba na so ki yi ta zullumin abin da ke ciki, ga shi kalma da kalma: "Yaya Zainab, bayan gaisuwa. Yarinyarki tana da magana mai nauyi da take so ta faɗa miki, ta kasa farawa. Don Allah ki zaunar da ita, ki ji ta har ƙarshe kafin ki ce komai." Iyakarta ke nan. Ba inji a ciki, ba Uwani. Ƙofa kawai na tura miki, shiga naki ne.

Za ta yi faɗa, kada in ruɗe ki. Wataƙila ta kwana biyu ba ta dube ki ba. Amma kafin Asabar, Sharifa. In motar nan ta tashi, gyaran ya fi ƙarfin takarda.

Antinki,
Khairiyya.

*

Wudil,
Juma'a, 8 ga Agusta.

Anti Khairiyya,

Assalamu alaikum. Na ji daɗi da kika dawo lafiya. Mu ma lafiya, an yi ruwa jiya har kogi ya ƙaru.

Tun Talata takardarki take hannuna. 'Yar takardar Umma dai ban ba ta ba. Na sa ta a tsakiyar wani littafi na tura ƙarƙashin katifa, kullum in ciro in duba sunan Umma in mayar.

Akwai abin da kika manta, ko ba ki sani ba. Umma ba ta karanta boko. Katin asibiti, takardar makaranta, saƙon waya, duk ni take miƙo wa ta ce, "Ke, me aka ce a nan?" In na ba ta takardarki, juyawa za ta yi ta dawo hannuna. Da bakina zan karanta cewa ina da magana mai nauyi. Anti har na tsara abin da zan karanta a maimakonsa: Khairiyya tana gaisuwa, tana tambaya ko za a aika mata busasshen kifi. Ba wanda zai sani. Na yi ta maimaita shi a raina har na haddace.

Yau da safe na je famfo ɗiban ruwa na tarar da Baba Uwani. Tun ranar langa nake kauce mata, yau ba hanya. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Sharifatu, kin yi wuyar gani. Ko ke ma kin ƙoshi da ni?" Na kasa ɗaga kai. Ta ce in kama mata bokiti. Da na ɗora mata a ka, fuskarmu ta zo kusa, sai ta yi ƙasa da murya ta ce:

"Kwaɓin ƙwai ba ya son ruwa. In za ki sake, ki bar shi da taurinsa."

Na ɗago na dube ta. Ta ce, "Ranar da uwarki ta kawo mini injin na duba haƙoransa, na ga abu rawaya ya bushe a lungu. Ni kuwa tunda nake ban taɓa sa wa taliyata ƙwai ba, ina na ga na sawa?"

Na ce, "Baba, me ya sa ba ki faɗa ba?"

Ta ce, "In faɗa in ce me? Ni na goya ki. Share fuskarki mutane na kallo." Ta gyara gammonta ta tafi.

Fiye da wata guda ke nan ta sani. Ta sani lokacin da na tsaya a ƙofarta na ce mun ƙoshi. Ta sani tana murji da kumburarrun yatsu. Yanzu haka ina jin ta ta katanga tana ɗaure kwanukanta a buhu, gobe da hantsi Halliru zai zo.

Ban je islamiyya ba, na ce kaina ke ciwo, kuma da gaske yana yi. Baba bai dawo daga kasuwa ba. Umma tana tsakar gida a kan tabarma tana gyaran zogale, ita kaɗai, ta kai minti goma tana riƙe da reshe ɗaya ba ta tsige shi ba.

Ban san da wace kalma zan fara ba in ta ce to ina ji. Wataƙila da ƙwan zabin. Faranti biyun ne ban san yadda zan yi da su ba, ina jin su ma sai na faɗa, don in na fara ragewa zan rage duka.

Na ji hon ɗin Kawu Gwadabe a bakin titi, bari in ninke wannan in miƙa masa. Takardarki na ciro ta daga littafin, tana cikin hijabina. In na dawo ba zan shiga ɗaki ba. Zan wuce kai tsaye in durƙusa in ba ta, in ta miƙo mini ta ce me aka ce a nan, in karanta mata yadda kika rubuta.

Ki yi mini addu'a.

Taki,
Sharifa.